Ɗalibi Ake Son Yayewa Ko Rikoda?

'Yan'uwa da dama ba za su manta da wata asuba ta watan Agustan 2014 ba, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Tun kafin kiran assalatu wayoyi suka fara ƙara a gidaje, wannan ya kira wancan, wancan ya tashi maƙwabcinsa, wai an ce kowa ya yi maza ya zuba gishiri a ruwan zafi ya yi wanka, sa'annan ya sha, shi ne rigakafin annobar. Kafin rana ta fito maganar ta karaɗe ƙasar nan daga Kudu har Arewa. Daga baya aka ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. Ebola ba ta ko kusance su ba, gishirin da suka ɗirka wa cikinsu ne ya kayar da su.

Shekara biyu bayan haka sai ga MMM, da alkawarin duk wanda ya zuba kuɗi za a mayar masa da ƙarin kashi 30 cikin ɗari a wata guda. Jama'a suka yi ta tururuwa, har da ɗaliban da suka zuba kuɗin rajistarsu, sai a watan Disambar 2016 aka wayi gari an kulle asusun kowa. To, a ajiye maganar halacci da haramci tukuna, a yi lissafi kawai. Duk wanda ya zauna ajin lissafi a sakandare an koya masa yadda ƙari ke hawa kan ƙari. In da gaske ne, naira dubu ɗaya za ta haura dubu 23 a shekara guda, a shekara uku kuwa ta haura miliyan 12. Wane irin kasuwanci ne a duniya yake haifar da haka?

Abin baƙin cikin shi ne, cikin waɗanda suka yi wankan gishiri da waɗanda suka zuba kuɗinsu a rami akwai masu digiri, da masu difloma, da masu NCE. Sun yi Bayoloji, sun yi Lissafi, sun ci jarrabawa, an ba su takarda. Amma a ranar da ake bukatar karatun, sai aka neme shi aka rasa. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shekarun da suka yi a makaranta an horar da su ne a kan karɓa da mayarwa, ba a taɓa tilasta masu su tsaya su ce: wa ya faɗa, mene ne hujjarsa, kuma ta wace hanya abin zai yiwu?

Yadda ake kashe tunani a ɗakin lacca

Duk wanda ya taɓa shiga wata babbar makaranta a ƙasar nan, jami'a ce ko foliteknik ko kwalejin ilimi, ya san yadda abin yake. Ɗalibai ɗaruruwa a ɗaki guda, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu sun maƙale a taga. Malam zai shigo da tsohon littafin rubutunsa, wanda watakila shi ma haka ya kwafo shi daga nasa malamin, ya yi ta shifta awa biyu cur, ɗalibai na ta rubutu har yatsu su sage. Can dab da tashi sai ya ce, “Akwai mai tambaya?” Kafin wani ya tattaro ƙarfin halin ɗaga hannu, malam ya rufe littafi ya kama hanya. Wani wurin ma ba a kai ga shiftar, handawut za a buga a sayar, wanda bai saya ba kuwa ya san makomarsa.

Idan jarrabawa ta matso sai a shiga haddar dare. A kwana a aji da kyandir ko fitilar waya, a cusa shafi arba'in a ka, da safe a je a zazzage a takarda, kafin la'asar an manta. Ɗalibin da ya mayar wa malam da maganarsa kalma bayan kalma shi ne gwani, wanda kuwa ya yi ƙoƙarin faɗin abin da ya fahimta da bakinsa, sau da yawa shi ke kwasar keri-oba. Ɗalibai ba wawaye ba ne, sun lura da abin da ake ba maki a kansa, sai suka bi. A haka ake yaye mutum bayan shekara huɗu, ya iya maimaita ma'anar abu, amma in an juya masa tambayar ta wata fuska sai ya yi zuru. Watau dai an yaye rikoda, wadda aikinta a danna ta ɗauka, a danna ta maimaita.

Kada a ɗauka wannan magana ce ta sukar hadda. Hadda tushe ce, kuma babu ginin da zai tsaya ba tushe. Likita dole ya haddace sunayen magunguna, mai koyon Nahawu dole ya haddace ƙa'idoji, mai lissafi dole ya riƙe jadawalin sau. Aibin shi ne a haƙa tushe a tsaya nan, sa'annan a ce wa mutum ga gida ya shiga.

Abin da ya faru a Harvard

Cutar ba ta talakawan ƙasashe kaɗai ba ce. A jami'ar Harvard ta Amurka, inda ake da wuta da littattafai da duk abin da ake nema, akwai wani malamin Fiziks mai suna Eric Mazur, wanda ya fara koyarwa a can a 1984. Laccarsa tana da daɗi, ɗalibai suna yabonsa, kuma suna cin jarrabawarsa. A 1990 sai ya ci karo da binciken wasu malamai biyu na jami'ar jihar Arizona, Ibrahim Halloun da David Hestenes, waɗanda suka nuna a 1985 cewa ɗalibai kan gama kwas ɗin Fiziks, su ci jarrabawa, alhali fahimtarsu ta yadda abubuwa ke motsi tana nan yadda suka shigo da ita daga gida. Mazur ya ce ai wannan ba dai ɗalibansa ba, ya ɗauko irin waɗannan tambayoyi ya gwada su.

Ga misalin tambayar. Tirela ta yi karo da ƙaramar mota, wacce ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi? Ƙa'idar Newton ta uku, wadda kowane ɗalibi a ajin ya haddace, ta nuna cewa ƙarfin bugun da kowacce ta yi wa ɗayar daidai yake, ƙaramar ta fi jin jiki ne don ta fi rashin nauyi. Amma da yawa daga cikinsu suka ce tirela ce. Har wata ɗaliba ta tambaye shi, shin yadda ya koya masu za ta amsa, ko kuwa yadda ita take ganin abin a ranta? Nan Mazur ya gane cewa ɗalibansa sun ajiye karatun aji a aljihu guda, tunaninsu na yau da kullum a wani aljihun, kuma babu abin da ya haɗa su. Wannan ita ce ainihin cutar mai wankan gishiri da ya ci Bayoloji.

Mutumin bai ɗora laifin a kan ɗalibai ba, sai ya sauya hanyarsa tun daga 1991. Ya ce kowa ya karanto darasi kafin ya shigo aji. In an shigo sai ya yi bayani na 'yan mintoci, sa'annan ya jefa tambaya ɗaya wadda hadda ba ta amsa ta, sai tunani, da amsoshi uku ko huɗu a zaɓa. Kowa ya yi shiru minti ɗaya ko biyu ya zaɓi tasa shi kaɗai, a nuna. In an ga aji ya rabu, wasu nan wasu can, malam ba zai faɗi amsa ba. Zai ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda suka saɓa, ya yi ƙoƙarin gamsar da shi da hujja. Bayan minti biyu ko uku a sake zaɓe. Abin da aka riƙa gani shi ne yawan masu amsa daidai yana hawa bayan gardamar, kafin malam ya ce uffan. Daga nan sai ya warware, a wuce gaba.

Hikimar abin a fili take. Malamin da ya shekara ashirin da fahimtar mas'ala ya manta inda take da wuya, amma ɗalibin da ya gane ta minti biyar da suka wuce yana tune da ramin da ya faɗa, don haka ya fi iya fito da abokinsa. Kuma wanda aka tilasta wa ya kare ra'ayinsa da baki, nan take yake gane ko yana da hujja ko kuwa ji kawai ya yi. A shekarar farko da Mazur ya bi wannan hanya, ci-gaban da ɗalibansa suka samu a gwajin fahimta ya kusa ninka na shekarar da ta gabata.

An gwada, an auna

Mai karatu zai iya cewa ai wannan labarin mutum ɗaya ne. To, a 2014 wasu masu bincike ƙarƙashin Scott Freeman na jami'ar Washington suka tattara bincike 225 da aka yi a kan kwasa-kwasan kimiyya da injiniyanci da lissafi a manyan makarantu. Suka samu cewa inda malam ke zuba lacca ɗalibai na saurare, kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa, inda kuwa ake sa ɗalibai aiki da kansu a cikin aji, masu faɗuwa ba su kai kashi 22 ba. Watau a aji mai mutum ɗari, goma sha biyu da da sun faɗi sun tsira. Duk wanda ya san abin da uba ke sayarwa kafin ya biya kuɗin zango guda, ya san wannan ba ƙaramin adadi ba ne.

Sa'annan a 2011 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a jami'ar British Columbia ta Kanada, da hannun Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel a Fiziks a 2001. Aka ɗauki aji biyu, kowanne da ɗalibai wajen 270. Aji ɗaya ƙwararren malami da ɗalibai ke yabo ya ci gaba da yi masu lacca. Ɗaya ajin kuwa aka ba wasu matasa biyu da ba su da gogewar koyarwa, suka yi mako guda suna bin hanyar tambaya da muhawara da aikin rukuni. Da aka yi wa azuzuwan biyu jarrabawa iri ɗaya, 'yan lacca suka tashi da matsakaicin maki 41 cikin ɗari, ɗaya ajin kuwa 74.

Akwai kuma wani abin lura. A 2019 an sake wani gwaji a Harvard, inda aka tambayi ɗalibai wace hanya ce suke jin sun fi ƙaruwa da ita. Suka ce lacca. Da aka auna kuwa, sai aka ga sun fi ƙaruwa a darasin da aka sa su wahalar tunani. Lacca mai daɗi tana sa mutum ya ji kamar ya gane, kamar mai kallon tela yana ɗinki ya ɗauka shi ma ya iya, sai ranar da aka miƙa masa almakashi. Saboda haka malamin da ya sauya hanya ya shirya jin ƙorafi a makonnin farko, kuma ya bayyana wa ɗalibai tun daga ranar farko dalilin da ya sa yake wahalar da su.

Ba baƙon abu ba ne

Wani zai ce ai wannan tsarin Turawa ne, bai dace da tarbiyyar mutanen nan ba. Wanda ya faɗi haka bai leƙa tarihi ba. Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya tattauna wannan mas'ala a cikin Muƙaddima fiye da shekara 600 da suka wuce. Ya bayyana cewa hanya mafi sauƙi ta samun gwaninta a ilimi ita ce ɗalibi ya saki harshensa wajen tattaunawa da munazara. Ya soki ɗaliban Magrib na zamaninsa da suke shafe shekaru a majalisin ilimi bakinsu gum, himmarsu duk a kan hadda, har ya kawo cewa a can ana ɗibar wa ɗalibi shekara 16 a makaranta, alhali a Tunis shekara biyar ta isa. Ya kuma yi gargaɗi cewa tsananta wa mai koyo yana kashe masa zuciya, ya koya masa kasala da ƙarya da munafunci.

Kafin shi ma, an san majalisin Imam Abu Hanifa a Kufa da cewa mas'ala ake jefawa a tsakiya, almajirai su yi ta kai-kawo a kanta, kowa da hujjarsa, kafin a tsayar da magana. Manyan almajiransa, Abu Yusuf da Muhammad ɗan Hasan Shaibani, sun saɓa masa a mas'aloli masu yawa, kuma littattafan mazhabar sun adana saɓanin ba tare da an kira su marasa ladabi ba. Ibnul Haisam, masanin haske da gani wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, littafi guda ya rubuta a kan shakkun da yake da su game da maganganun Batlamiyus, wanda duniya ta shekara ɗaruruwa tana bi ido rufe. Malaman Hadisi kuwa fanni sukutum suka kafa a kan tambaya ɗaya: daga wa ka ji, shi kuma daga wa ya ji, kuma mene ne halinsa? Wanda ya gaji irin wannan bai kamata a same shi yana tura saƙon da bai san asalinsa ba.

Abin da malami zai iya yi gobe da safe

Na farko, ya yanka laccarsa gunduwa-gunduwa. Bayan kowane minti goma sha biyar ya tsaya ya jefa tambaya irin ta Mazur. Ba a bukatar kwamfuta ko wutar lantarki. Kowane ɗalibi ya ɗora yatsu a ƙirjinsa, ɗaya ko biyu ko uku, don kada na baya ya kwaikwayi na gaba, malam ya duba ya ga inda aji ya karkata, sa'annan ya ce a juya a yi gardama.

Na biyu, ya koyi yin shiru. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta nuna a 1972 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ne kacal bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su nuna wani. Da aka sa su jira daƙiƙa uku ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, masu kawo hujja suka ƙaru, waɗanda ba sa magana suka fara buɗe baki. Shirun daƙiƙa uku ba ya cin ko kwabo.

Na uku, ya fara da matsala kafin ƙa'ida. Makarantar koyon likitanci ta jami'ar McMaster a Kanada ta fara wannan tsari a 1969. Ana ba ƙaramin rukunin ɗalibai labarin majiyyaci, su zauna su fitar da abin da suka sani da abin da ya kamata su nemo, su je su bincika, su dawo su kare matsayarsu. Malamin aikin gona a nan zai iya shigowa da ganyen masara da ya yi ɗorawa ya ajiye a tebur, ya ce a gano ko rashin taki ne, ko ruwa ne ya yi yawa, ko cuta ce, kuma ta yaya za a bambance. Malamin injiniyanci ya kai ɗalibai bakin kwalbatin da ruwa ya cinye, su faɗi dalili. Malamin tattalin arziki ya ba su alkawarin kashi 30 a wata, ya ce su nemo inda kuɗin zai fito.

Na huɗu, ya koya masu tantance labari a aikace. A 2017 Sam Wineburg da Sarah McGrew na jami'ar Stanford sun gwada rukuni uku: ɗaliban jami'ar, da malaman tarihi, da ƙwararrun masu tantance labarai. Ɗalibai da wasu malaman suka tsaya suna duban kyan shafin intanet da tambarinsa, aka ruɗe su. Ƙwararrun kuwa ba su daɗe a shafin ba, suka fita suka bincika su wane ne masu shi, kuma me wasu suka ce a kansu. Malami zai iya ɗauko saƙo ɗaya da ke yawo a WhatsApp a wannan makon, ya ba aji minti goma su gano asalinsa. Wannan ya ƙara zama dole tun daga ƙarshen 2022, da manhajoji irin su ChatGPT suka bazu, waɗanda kan rubuto amsa mai tsari ko da kuwa akwai kuskure a cikinta.

Na biyar, kuma shi ne uwa uba, ya gyara jarrabawarsa. Muddin tambayar ita ce a kawo ma'anar kaza, a lissafo kaza guda biyar, to ko me aka yi a aji ɗalibi zai koma ga hadda, domin inda maki yake nan zuciyarsa take. A riƙa sa aƙalla tambaya ɗaya da ba a taɓa gani a handawut ba, wadda za a ba da maki a kan yadda aka gina hujja, ko da ɗalibi ya saɓa wa ra'ayin malam. Kafin a tashi daga kowace lacca kuma, kowa ya yagi 'yar takarda ya rubuta abu ɗaya da ya gane da abu ɗaya da ya shige masa duhu, malam ya ɗebi talatin ya duba, ya buɗe darasi na gaba da su.

Uzurorin da za a kawo

Adalci ne a saurari malamai. Za su ce aji ya yi yawa, kuma gaskiya ne, binciken Freeman ma ya nuna amfanin ya fi yawa a ajin da bai wuce mutum 50 ba. Amma ya nuna akwai amfani a manyan azuzuwa ma, kuma ajin Kanada mai mutum 270 shaida ne. Hasali ma a babban aji ne aka fi bukatar ɗalibi ya koyar da ɗalibi, tun da malam ɗaya ba zai iya zagaya mutum 500 ba.

Za su ce lokaci ba ya isa a gama manhaja, musamman da yake yajin aiki ya sha cinye zango, kamar na 2020 da ya ɗauki wata tara, da na 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ma gaskiya ne, kuma alhakinsa yana wuyan hukumomin da suka bar ilimi ya lalace, suka bar malami da albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Babu mai hankalin da zai nemi malamin da ke tunanin kuɗin haya ya yi abin al'ajabi. Sai dai a tambaya: mece ce fa'idar a gama babi goma sha biyu a takarda, in babu ko ɗaya da ya zauna a kai? Gara a yi takwas su zauna, sauran ɗalibin da ya iya tunani zai karanta da kansa.

Za su ce kuma in aka buɗe ƙofar tambaya raini zai shigo. A nan dole a bambance tambayar neman sani da tambayar ƙure. Ta farko ladabi ce, domin tana nuna ɗalibi ya ɗauki maganar malam da muhimmanci har ya tsaya yana juya ta. Ta biyu kuwa cuta ce da ita ma tarbiyya ke magani. Kuma malamin da ya iya cewa, “Wannan ban sani ba, a bincika a dawo da shi mako mai zuwa,” girma yake ƙara wa kansa, ya kuma koya wa ɗalibai darasin da ya fi na ranar.

Saura ɗalibai

Kada ɗan'uwa ɗalibi ya naɗe hannu yana jiran sai malamai sun sauya. Matambayi ba ya ɓata, kuma akwai abin da yake hannunsa tun daga daren yau. A haɗu mutum huɗu ko biyar, kada a wuce haka. Maimakon tutoriyal ɗin da gwani ɗaya zai tsaya ya maimaita laccar malam saura na gyaɗa kai, kowa ya zo da tambaya ɗaya da ya ƙirƙira da kansa. A rufe littafi, mutum ya bayyana darasin da Hausa kamar yana yi wa ƙanensa bayani, domin wanda ya kasa faɗin abu da harshen uwarsa, Turancin kawai ya haddace. Wani ya ɗauki matsayin mai ja, ya yi ta neman hujja har sai an gamsar da shi. Mako mai zuwa a juya, mai ja ya zama mai karewa.

Sa'annan a kiyayi wani rami. Tunani mai tantancewa ba shi ne ƙaryata komai ba. Wanda ke ƙaryata duk abin da ya ji da wanda ke gaskata duk abin da ya ji, kasala ɗaya ce ke damun su, domin dukkansu sun guje wa wahalar bincike. Kuma awon gaskiyar mutum a wannan fage shi ne yadda yake yi da labarin da ya yi masa daɗi. Kowa ya iya binciken maganar abokin hamayya. Jarumi shi ne wanda saƙo zai zo masa yana yabon ɓangarensa, ko yana tona asirin wanda ba ya so, ya danne zuciyarsa ya ce sai ya ga asalinsa kafin ya tura. Matashin da bai iya wannan ba, duk mai baki zai iya jan sa, yau ɗan siyasa, gobe ɗan damfara, jibi mai neman a zubar da jini.

Waɗanda ke zaune a kan bencin lacca yau su ne gobe za su auna wa yaro magani, su sa hannu a kan ginin gada, su yanke hukunci a kotu, su tsaya gaban aji su koyar da 'ya'yan wasu. Ranar da majiyyaci zai zo da alamar da ba ta cikin handawut, babu malamin da zai yi shifta. Saboda haka duk malamin da wannan takarda ta isa hannunsa, ya gwada tambaya ɗaya da shirun daƙiƙa uku a laccarsa ta ranar Litinin. Duk ɗalibin da ya karanta kuma, ya nemi 'yan'uwansa huɗu kafin Juma'a mai zuwa. Allah Ya ba malamai haƙuri da ladan aikinsu, Ya buɗe wa ɗalibai basira, Ya sa a dace.